Koren Ruwan Bapak

SHAFI NA 19

Da sunan Allah na sake ɗaukar waya. Masu cewa na bar ku a tsaye bakin ƙofa, ku yi mini afuwa. Wayar ce ta zame daga aljihuna ta faɗa ruwa ina yankan ciyawar awaki, sai da Emak, mahaifiyarmu, ta binne ta cikin ɗanyar shinkafa kafin ta farfaɗo. Ke kuma da kika rubuto cewa a kori Cak Munir daga labarin nan, ki yi haƙuri. Yayana ne, ba yadda zan yi da shi.

Kun tuna inda muka kwana. Cak Munir ya rufe rumfarsa ta soyayyen tarwaɗa a Jakarta, ya taho gida da magana ɗaya a bakinsa: a sayar wa Haji Matrais gonarmu ya cike ta da farin dutse, kamar yadda ya fara yi wa ta maƙwabcinmu, ni kuma in bi shi birni in riƙa juya kifi a kasko. Bapak, mahaifinmu, wanda ciwon suga ya ɗauke wa gani, ya ce a'a. Aka ja, aka ja, har aka tsaya a kan cewa idan shinkafar rani ta yi kyau, gona ta zauna. Idan ba ta yi ba, Haji ya kawo motocinsa.

Ran shinkafar nan kuwa yana cikin buhu huɗu.

Da damina gonarmu tafki ce, kifin bandeng muke kiwo a ciki. Da rani a zuƙe ruwan a dasa shinkafa. Can baya duka biyun gwamnati tana ba mu takinsu da rahusa, domin taki ne ke sa ruwa ya yi kore, koren kuma shi ne abincin kifi. Sai aka wayi gari aka ce kifi ba shuka ba ne, an janye masa tallafi. Na shinkafa kaɗai aka bari, buhu huɗu, mai launin ruwan hoda. Farin na kasuwa kuɗinsa ya ninka sau uku. Tun daga nan tafkunan ƙauyenmu suka yi fari tas kamar ruwan randa, kifayen sai kai da ido.

Namu ne kaɗai ya dawo kore. Ban san dalili ba. Na ɗauka ƙasa ce take tuna alherin da aka yi mata.

Da asubar ranar da zan ba ku labari, da mafarki na tashi a idona.

Wai ina tafiya a ƙarƙashin ruwan gonarmu, kuma ban jiƙe ba. Komai kore ne, har tafin hannuna. Kifaye suna wucewa ta saman kaina a hankali kamar tsuntsaye masu komawa gida. Can ƙasa na hango masallacin ƙauyenmu da kekena jingine a jikinsa. Bapak yana gabana, idonsa garau, yana nuna mini wani abu a sama yana magana, amma kumfa ce kawai take fita daga bakinsa.

Har muka idar da sallah ban gama fitowa daga ruwan nan ba.

Garin ya yi luf. Kwana da kwanaki rana ba ta fito sosai ba, gajimare ya sauko ƙasa-ƙasa, ko ganyen ayaba ba ya motsi. Na ɗauki bokitin dusar da Bapak yake watsa wa kifi, wanda shi da kansa yake cikawa a ɗakinsa kowace safiya. Aikina ke nan: bokiti a hannun hagu, Bapak a hannun dama, mu tafi bakin ruwa ya tambaye ni launinsa.

Sai ga Cak Munir a bakin ƙofa. Silifas ɗinsa duk farar ƙura tun ta jiya da yamma, bai wanke ba.

"Kim, ajiye bokitin nan."

"Cak, Bapak yana jirana."

"Ruwan guduwa zai yi? Zo mu kwashe takin mu kai bukkar gona. Ina so in ga abin da aka jingina gonar nan da shi, da idona."

Na mayar da bokitin gaban gadon Bapak na bi shi.

Buhu biyu suna ɗakin ajiya bayan madafa. Biyun kuma suna ƙarƙashin gadon Bapak, saboda yanzu taki ya zama abin da ake fasa gida dominsa. Muka tarar da Emak tana suyar tempe, wainar waken suya. Da ta ga inda muka nufa sai ta ajiye cokali.

"Ku sha shayi tukuna."

"In mun dawo, Mak."

"Zai huce."

"A dumama."

"Munir, ka bari rana ta fito mana. Wa yake ɗaukar kaya da duhu kamar ɓarawo?"

"Wace ranar, Mak? Wadda ta yi yaji?"

Ya wuce. Tempe yana ƙonewa a kasko, Emak ba ta juya shi ba.

Cak ya kama kunnen buhun farko ya ja. Bai motsa ba. Ya sake ja har jijiyar wuyansa ta tashi.

"Wannan buhu ne ko gawar saniya?"

Ya durƙusa yana shafa bakin buhun. Ɗinkin ba na inji ba ne. Baƙin zare ne, an ɗinka shi ƙanana-ƙanana da hannu, da kyau, irin ɗinkin da ke gwiwar wandona.

Ya zaro wuƙa ya farke.

Yashi ya zubo.

Ya farke na biyu. Yashi.

Ni dai tsayawa na yi ina kallon yadda yake gangarowa yana tara ɗan tudu a kan ƙafata. Yashin kogi ne, mai sanyi, da ƙananan ɓawon katantanwa a ciki, wasu ba su kai ƙwayar shinkafa ba. Na ce a raina, ashe waɗannan ma gida gare su, ga shi an kwaso su an rufe a ɗakinmu.

"Nawa suka ba ka?"

Na ɗago.

"Wa, Cak?"

"Kada ka yi mini wannan kallon na ɗan akuya! Masu tafkin da ke bin dare suna sayen takin shinkafa a bayan fage. Nawa suka ba ka?"

"Ban sayar ba."

"Wayar da kake wuni kana latsawa, da me ka saye ta?"

"Kai ka ba ni ita, Cak. Da sallar bara."

Ya ɗan yi turus. Sai kuma abin ya ƙara ba shi haushi, ya damƙi wuyan rigata.

"Ni ina can hayaƙi yana cin idona har asuba, ina turo muku abin da na samu, kai kana nan kana mafarki da rana! Ka san abin da ka yi? Ka miƙa wa Haji gonar nan a faranti. Ni ba sai na ƙara cewa komai ba!"

"Sake shi."

Muryar Emak ce daga bayanmu. A hankali ta yi maganar.

"Mak, ki bari in..."

"Munir, na ce ka sake mini yaro."

Ya sake ni. Emak ta matso inda haske yake shigowa ta tsagar bango, ta miƙo hannayenta biyu kamar mai jiran a zuba mata ruwan alwala. A ƙarƙashin kowane farce akwai ɗan layi ruwan hoda.

Na sha ganinsa. Har na taɓa tambayarta, ta ce kalar wainar shinkafa ce. Ban tsaya na tuna cewa rabonmu da wainar nan tun azumi ba.

"Ni ce," in ji ta.

Ta sauke hannayenta ta ci gaba.

"A ƙasan kwanon abincin rana nake sakawa. In kun shiga bukka sallar azahar, sai in zaga gaɓa in ce kwanuka zan wanke."

"Mak..." in ji Cak. "Takin shinkafa? A ruwa?"

Ba ta kalle shi ba. Ni ta kalla, ta kira ni Le, yadda iyaye suke kiran ɗansu a wajenmu.

"Le, ka tuna ranar da ruwa ya fara canzawa babanka ya tambaye ka launinsa?"

Na tuna. Farkon damina ne.

"Me ka ce masa?"

"Na ce ya fara fari, Pak. Ina hango ƙasa."

"Ya ci abinci ranar?"

"Bai ci ba."

"Washegari fa?"

Na sunkuyar da kai.

"Na ja ka gefe na ce, Le, mutumin nan ba gani yake ba, ka riƙa ce masa kore ne. Me ka ce mini?"

"Na ce bakina ba zai iya ba, Mak."

"To. Na kwana ina tunani. Na ce yaron da na haifa bai iya ƙarya ba, ba kuma ni zan koya masa da tsufana ba. Tunda bakinka ba zai gyaru ba, sai na gyara ruwan."

 Ƙaurin tempe ya cika ko'ina.

Cak Munir ya zauna daɓas a kan tudun yashin. Sai ya fara dariya, irin wadda ba daɗi a cikinta.

"Gari duk ya ɗauka muna kiwon aljani mai kawo arziki. Jiya a shagon kofi har wani ya matsa da kujerarsa da na zauna. Ashe aljanin yana nan yana soya mana tempe."

"Ka iya bakinka, ni na wanke maka kashi."

"Mak, garin gyaran gira kin..." Sai ya dubi ɓangaren ɗakin Bapak, ya haɗiye sauran.

"Biyu kawai na taɓa," in ji Emak. "Na ƙarƙashin gadon babanku suna nan yadda aka kawo su. In aka haɗa da kashin awaki za ta yi. Ba za ta yi kamar da ba, amma za ta yi."

Cak ya share fuska da tafin hannu. Ya daɗe a haka. Ni na san yayana, zafinsa kamar wutar kara ne.

"Mu je mu ɗauko biyun," ya ce. "Kuma kada wanda ya gaya wa tsoho."

Bapak yana zaune bakin gadonsa na gora, hularsa a kai, carbi a hannu, bokitin dusa a gaban ƙafarsa. Fuskarsa tana kallon taga kamar mai sauraron wani abu daga nesa.

"Yau an manta da ni ke nan," ya ce.

"A'a, Pak. Ɗan ɗaga ƙafarka zan jawo buhu."

Bapak bai ɗaga ba sai da Cak ya sake faɗa.

Cak ya durƙusa, ya tattara ƙarfinsa duka saboda abin da na farko ya yi masa, ya fizga.

Sai ga shi wanwar a ƙasa, buhun a kan ƙirjinsa, ba nauyi ko kaɗan. Bakin ya kwance. Buntun shinkafa ya tashi sama ya cika ɗakin, yana saukowa a hankali, a hankali, a kan gado, a kan hular Bapak, a kan gashin Cak. A ɗan hasken tagar nan sai ya zama kamar ana yayyafin zinariya. Wallahi da ba don halin da ake ciki ba, da na ce ban taɓa ganin abu mai kyau irinsa a gidanmu ba.

Cak ya taɓa ɗayan da ƙafa. Shi ma ya mirgina kamar matashin kai.

Ya juya ya kalli Emak.

"Ni yashi nake zubawa," ta ce da sauri. "Ban taɓa zuba buntu ba. Ban ma taɓa shiga ƙarƙashin gadon nan ba sai da tsintsiya."

Sai duka biyun suka juyo kaina.

"Ku daina kallon yaron," in ji Bapak.

"Pak, ta ina ka san shi muke kallo?"

"A gidan nan in abu ya ɓace wa ake kallo? Akuya?" Ya kakkaɓe buntu daga kafaɗarsa. "Le, tura hannunka cikin bokitin nan. Har ƙasa."

Na durƙusa na tura. Dusa mai laushi, mai ɗumi. Can ƙasa sai yatsuna suka taɓa wani abu mai sanyi, ƙwaya-ƙwaya. Na damƙo na fito da shi.

Ruwan hoda.

Duk daminar nan ni nake ɗaukar bokitin nan da hannuna. Na sha jin ya yi nauyi, sai in ce ƙila ni ne ban karya da kyau ba.

"In ka zaunar da ni ka tafi yankan ciyawa," in ji Bapak, "sai in bi gaɓa da sandata. Ƙafata ta san gonar nan tun kafin a haifi uwarku."

"Ji tsohon ɓarawo!" in ji Emak. Ban san kuka take ko dariya ba. "Ina nan ina bin bango kamar ɓera don kada ka ji, ashe kai ma..."

"Kada in ji me?"

Emak ta kau da kai tana gyara zaninta.

"Uwar Munir, kada in ji me? Hayaniyar da na jiyo a madafa ta mece ce?"

Cak ne ya faɗa masa, a gajarce. Yashi, kwanon abinci, sallar azahar.

Bapak ya ɗaga kai sama. Sai kafaɗunsa suka fara girgiza.

"Ni kuwa ina ta yabon hannuna! Ina cewa kai, ɗan abin da nake watsawa ruwa yake amsawa haka? Ashe har yanzu da albarka a tafin nan!"

"Ni ma haka na ce da nawa."

"Da kin tambaye ni ai da na gaya miki ba a zuba taki da tsakar rana."

"Da ka tambaye ni da na gaya maka makaho ba ya sata a gidan da matarsa take shara."

"Kin gani ne?"

"Ban gani ba."

"To wane ne makahon?"

"Ku tsaya!" Cak ya daka tsawa, buntu yana zuba daga gashinsa. "Wasa ma kuke yi? Ita dai na ji nata, tausayi ne. Kai fa, Pak? Kai da ka san shinkafar nan ita ce gonar? Da bakinka ka yarda da sharaɗin!"

Bapak ya juyo da fuskarsa daidai inda Cak yake.

"Zauna, Munir."

Ya zauna.

"Tun ranar da ruwan ya fara fari na sani, kafin ƙanenka ya faɗa. Hannu na tsoma na ji ba santsi. Ka ƙirga mini samarin layinmu da suka rage a gida tun da aka janye takin nan."

Cak ya fara lanƙwasa yatsu.

"Ba sai ka wahala ba, a masallaci nake jin sahu. Da sahu uku ne da asuba. Yanzu tarin tsofaffi kawai nake ji. Shinkafa ciki take cikawa, Le, amma kifi ne yake riƙe yaro a gida. Kai kifi bai riƙe ka ba, ban hana ka ba. Na ce wannan ɗayan dai in gwada."

Ni yake nufi. 

"Kuma ba hauka na yi ba. Bana kifin kowa ƙaya ne da fata. Duk wanda ya shiga kasuwar Lamongan da bandeng mai ƙiba, shi zai yanka farashi. A sayar, a sayi farin taki komai tsadarsa, a dasa shinkafa. Buhu biyu na ware wa wannan. Na auna, na san abin da ruwan nan zai iya ɗauka. Buhu biyu..."

Sai ya tsaya.

Carbin da ke yawo a yatsunsa shi ma ya tsaya.

"Uwar Munir. Naki biyun, duka kika zuba?"

"Duka."

"Na ƙarshe yaushe?"

"Jiya. Na ga an kusa zuƙe ruwa, sai na kakkaɓe abin da ya rage gaba ɗaya, na ce su ƙara ƙiba."

"Ni ma jiya na ninka," ya faɗa a hankali, kamar da kansa yake magana. "Le."

"Na'am, Pak."

"Kullum ina tambayarka launi kana cewa kore. Wane irin kore?"

"Da farko kamar sabon ganyen ayaba."

"Yanzu fa?"

Na rufe ido na hango shi.

"Kamar ganyen rogo da aka dafa. Ya yi duhu. In na tsoma hannu ba na ganin yatsuna. Da safe kuma akwai kumfa a gefe-gefe."

"Tun yaushe rabon da rana ta fito?"

"An kwana biyu, Pak."

"Hancina ya gaya mini shekaranjiya," ya ce. "Na ƙaryata shi. Na ce ɗan abin da na zuba bai kai ya ɓata ruwa ba."

"Wai mene ne?" in ji Cak. "Kore ba shi ake nema ba?"

"Ka daɗe a birni. Koren nan in ya ƙoshi ya wuce kima, da rana shi ke ba kifi numfashi, da asuba shi ke ƙwacewa. In kuma rana ta ƙi fitowa..." Ya ɗaga yatsa. "Ku yi shiru."

Muka yi shiru.

Can daga ɓangaren gonaki, kukan balbela. Ba ɗaya ba, ba goma ba.

Bapak ya miƙe yana laluben sandarsa, sai ya ture ta ta faɗi. Kafin in sunkuya, Cak Munir ya riga ya juya masa baya ya durƙusa.

"Hau, Pak."

"Ni ba jariri..."

"Hau, don Allah!"

Haka muka fita. Cak a gaba da Bapak a bayansa, yana gudu a kan siririyar gaɓa, ni a biye, Emak can baya ta tattare zani tana kiran sunan Allah.

Tururi ya kwanta a kan gonaki, ba ka gane inda ruwa ya ƙare sama ta fara. Muka wuce tafkunan mutane, farare, shiru, gajimare kwance a cikinsu kamar ba kifi ko ɗaya. Bapak a bayan Cak sai na ga kamar shawagi yake a cikin farin nan, hularsa tana nitsewa tana fitowa. Na rasa ko na farka daga mafarkin asuba ko har yanzu ina ciki.

Kunnena ne ya fara isa kafin idona.

Wani sauti kamar yayyafi a kan ruwa. Tap, tap, tap, ko'ina. Amma ko ɗigo ba ya sauka daga sama.

Balbelu sun jeru a gaɓar gonarmu, farare, sahu-sahu, kamar masu jiran liman.

Cak ya tsaya yana haki. Bai sauke Bapak ba.

"Le," in ji Bapak ta saman kafaɗarsa. "Launin ruwan."

Na duba.

Daga wannan gaɓa har waccan, kifi ne. Duk sun taso. Manya, masu ƙiba, irin waɗanda rabon ƙauyenmu da ganinsu tun kafin a janye tallafi. Bakunansu a sama suna buɗewa suna rufewa, kamar Bapak a mafarkina.

"Azurfa, Pak."

"A tsaye suke ko a kwance?"

"Yawanci a tsaye. Na gefe sun fara juya ciki."

"To da saura. Sauke ni." Ƙafarsa tana taɓa ƙasa muryarsa ta dawo irin ta da. "Uwar Munir, koma ki buga gangar katako, duk mai kwando ya zo. Le, tayar da injin ban ruwa ya riƙa watsa ruwa sama. Munir, ruga ka ɗage ƙofar ruwa, sabon ruwan kogi ya shigo. Shi ne maganin. In ya shigo yanzu, rabi ma muka tsira da shi ya isa. Ruga!"

Emak ta juya da gudu. Ni na nufi inji.

Cak bai motsa ba.

"Munir, ka tafi?"

"Na... na tafi, Pak."

Ya tafi, amma ba gudu yake ba. Da na ga haka sai na bar injin na bi shi, na ce ƙila katakon ne zai yi masa nauyi. Ƙofar ruwan tana kusurwar gabas, inda 'yar magudanarmu ta bi ta gefen gonar da Haji Matrais ya saya ta tafi kogi.

Muka kama katakon tare muka ɗaga.

Ba abin da ya shigo.

Na leƙa. Magudanar a bushe take, sai ɗan laka da wani kwaɗo zaune. Na bi ta da ido cikin tururin nan har inda ya ɗan yaye.

Farin dutse. Tuli guda, an juye shi a tsakiyar magudanar, an daddanne, sawun tayar mota a kai.

Na dubi dutsen. Na dubi farar ƙurar da ke silifas ɗin yayana.

"Cak..."

"Jiya ne," ya faɗa da raɗa, bai kalle ni ba. "Haji ya ce motocinsa suna neman hanyar wucewa. Na ce ai mu yanzu fitar da ruwa za mu yi, ba shigarwa ba. Na ce ya zuba. Wallahi, Kim, ban san..."

Daga ƙauye gangar katako ta fara tashi. A bayanmu kifaye suna ta tap, tap, tap.

Bapak yana tsaye shi kaɗai a kan gaɓa, ba sanda, ya karkatar da kai gefe yana saurare.

"Kun ɗage?"

"Mun ɗage, Pak," in ji Cak.

"To me ya sa ban ji ƙarar ruwa ba?"

"Yana zuwa, Pak. A hankali yake..."

"Ba kai nake tambaya ba." Ya juyo da fuskarsa daidai inda nake tsaye. "Le. Me ya tare ruwan?"

Cak Munir ya riƙe hannuna. Hannunsa sanyi ƙalau. Idonsa ya ciko, yana girgiza mini kai a hankali.

Ku kuma kun san bakina.